Me ake bincike a kan haske a yau, kuma ina ruwan Maradi da shi?

Tambaya: "Malam, ina shekara ta uku a sashen fizik a jami'ar nan ta Maradi. Darasin haske ya shiga raina, amma duk dokokin da aka koya mana na mutanen da suka rasu tun shekaru ɗari uku ne. Shin akwai sauran abin bincike a wannan fanni? Kawuna da ke ɗaukar nauyin karatuna ya ce in koma lissafin kuɗi, wai ilimin haske na ƙasashen da suka ƙoshi ne. Me zan gaya masa?"

Amsa:

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa karatu albarka. Ki gaishe mini da kawu. Wanda ke ciro kuɗi daga aljihunsa yana da hakkin ya tambayi inda karatu ya dosa, don haka zan ba ki amsa doguwa, ki tsinci abin da zai yi miki amfani a gabansa.

Bincike a kan haske bai ƙare ba, ko kusa. Abin da ya sa kika ga kamar an rufe babin shi ne darasin shekarun farko yana tsayawa inda Dekart da Niyuton suka tsaya: haske ya bugi madubi ya dawo, ya shiga ruwa ya karkace, ya ratsa gilashi ya taru wuri guda. Wannan harsashi ne kawai, kuma harsashin ma ya girme su. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin wajen 1011 da 1021, ya kafa hujja da gwaji cewa haske daga abu yake tasowa ya shiga ido, ba daga ido yake fita ba. Gwajinsa na ɗaki mai duhu kina iya ganinsa kyauta a duk shagon da kwanon rufinsa ya huje. Ɗigon hasken da ke sauka a ƙasa da azahar kewayayye ne, ko da hujin ba kewayayye ba ne, domin hoton rana ce kanta kike kallo.

To me ya sauya? Girman kayan aiki ne ya sauya. Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa rediyo da asuba ya san gajeren zango, mita 19, mita 25, mita 31. Hasken da ido ke gani ɗan gida ɗaya ne da waɗannan igiyoyi, sai dai zangonsa tsakanin nanomita 400 ne da 700, kuma nanomita ɗaya shi ne mita in an raba ta gida biliyan. Zangon koren haske wajen ɗari za su jeru a faɗin silin gashi ɗaya. Shekaru aru-aru duk abin da ɗan Adam ke juya haske da shi, madubi ne ko tabarau, ya fi zangon girma nesa ba kusa ba. Yanzu masana'antun da ke sassaƙa ƙwaƙwalwar salula suna iya sassaƙa abin da bai kai zangon girma ba, kuma a wannan ƙanƙanta siffar abu ce ke gaya wa haske inda zai bi, ba sinadarinsa kaɗai ba. Dubi wuyan tattabara a rana, yadda yake komawa kore sannan ya koma shunayya in ta juya kai. Babu rini kore a gashin nan, ginin gashin ne yake tace hasken. Yawancin abin da zan gaya miki a ƙasa ƙoƙari ne na yin irin aikin wuyan tattabara da gangan, bisa lissafi.

Mu fara da abin da kawu yake amfani da shi kullum. Saƙon da yake aika wa abokin cinikinsa na Kano ko Kwatano ta WhatsApp, ƴar tazarar da ke tsakanin salula da ƙarfen sabis ce kawai yake yi a iska. Yawancin sauran tafiyar, haske ne a cikin zaren gilashi, abin da ma'aikatan sadarwa ke kira fibir optik. A farkon shekarun 1960 gilashin da ya fi kowane kyau yana cinye rabin haske a cikin mita uku. A 1966 Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham suka nuna a Ingila cewa laifin ba na gilashi ba ne, na dattin ƙarfe ne da ke cikinsa, in an tsarkake shi haske zai yi tafiyar kilomitoci. Kamfanin Corning na Amurka ya tabbatar da haka a 1970, Kao kuma ya karɓi kyautar Nobel a 2009. Zaren da ke binne gefen hanyoyinmu yau sai haske ya yi kilomita 15 a ciki kafin rabinsa ya salwanta.

Na taɓa tsayawa gefen hanyar Damagaram ina kallon samari biyu suna haɗa zaren da masu haƙan rami suka tsinka. Ɗaya ya feɗe bawon roba, ya goge zaren da auduga mai alkol har sai da ya yi ƴar ƙara, ya yanke bakinsa da wata ƴar na'ura, sannan ya kwantar da bakin biyu a cikin akwatin walda. A ƴar allon akwatin sai ga su sun fito kamar sanduna biyu suna matsowa, wuta ta ƙyasta, suka zama ɗaya. Ƙofofin motarsu a rufe suka yi aikin duk da zafin da ake yi, saboda cibiyar da haske ke bi faɗinta wajen maikiron 9 ne (maikiron ɗaya nanomita dubu ne), ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata haɗin. Mun kuma ga muhimmancin zaren nan ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, lokacin da igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe fiye da goma har da Nijar. Ba mu da teku, amma ta zaren maƙwabta muke sha.

Sabon abu a nan ya ba ni mamaki ni kaina. Kusan shekara 40 asarar haske a zaren gilashi ta tsaya wajen desibel 0.14 zuwa 0.15 a kilomita (desibel shi ne awon raguwar ƙarfin hasken), ta ƙi sauka, domin gilashin kansa yana watsa haske ta hanyar da iska ke watsa shi har sama ta yi shuɗi. Sai masu bincike a jami'ar Southampton suka ce to a cire gilashin daga tsakiya. Suka ƙera zare mai rami, iska ce a cibiyarsa, an kewaye ta da siraran bututun gilashi, wani cikin wani, waɗanda kaurin bangonsu aka auna shi daidai da zangon hasken yadda zai riƙa mayar da shi tsakiya. Microsoft ya sayi kamfanin da suka kafa a 2022, kuma a 2025 suka wallafa cewa sun kai desibel 0.091. Wato haske zai tashi daga nan ya wuce Madarunfa, ya yi kilomita 33, kafin rabinsa ya tafi. Ga kuma sauri: a gilashi haske yana yin kilomita 200,000 a daƙiƙa, a iska kuwa kusan 300,000. A ɗaya gefen, cibiyar NICT ta Japan ta tura bayanai tirabit 402 (tirabit ɗaya bit biliyan dubu ne) a daƙiƙa ɗaya a 2024 ta cikin zare irin na kasuwa, ta hanyar cusa launuka masu ɗimbin yawa a lokaci guda, kowane launi da nasa saƙon.

Idon kyamara ma ana son a baje shi. Ƙullutun da ke bayan salularki gilasai ne da yawa aka jera. A 2016 ƙungiyar Federico Capasso a Harvard ta nuna fallen gilashi shimfiɗaɗɗe da aka dasa wa miliyoyin ƴan turaku, kowane bai kai zangon haske kauri ba, suna tara haske kamar gilashi mai tudu. Daga 2022 irinsa ya fara shiga na'urorin auna nisa na wasu salula. Matsalar da ta rage ita ce launuka, domin turakun da suka dace da ja ba su dace da shuɗi ba. Haka kuma manyan ɗakunan kwamfuta masu ɗauke da ƙirƙirarriyar basira sun fara sauya wayar tagulla da haske har zuwa bakin ƙwaƙwalwar, saboda tagulla tana cin wuta tana zafi. Nvidia ya sanar da irin waɗannan na'urori a Maris 2025.

Akwai kuma binciken da ke cika kanun labarai. Nobel ta fizik ta 2023 ta tafi ga Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier saboda walƙiyar leza da ake aunawa da atosakan. Yawan atosakan a daƙiƙa ɗaya ya fi yawan daƙiƙoƙin da suka shuɗe a shekara biliyan 13.8 da masana ke lissafa wa sararin samaniya, kuma da irin wannan walƙiya ake bin sawun elektaron a cikin ƙwayar zarra. Ranar 5 ga Disamba 2022 kuma, a Livermore ta Kalifoniya, leza 192 suka zuba makamashi megajul 2.05 a kan ƴar ƙwaya da ba ta kai barkonon masoro ba, ƙwayoyin zarra da ke cikinta suka haɗe kamar yadda suke yi a cikin rana, ta mayar da megajul 3.15. Babban abu ne, amma ki sani wutar da ginin ya ja don kunna lezar ta kai megajul wajen 300, don haka tashar lantarki tana nesa. Ina son waɗannan ayyuka, ina karanta su da daddare. Sai dai injinansu na biliyoyi ne, kuma in su kaɗai ne ilimin haske, da kawu ya yi gaskiya.

Ba su kaɗai ba ne. Rana da ke dukanmu ita ma haske ce, kuma a wannan fage ɗan jihar nan ne ya buɗe mana hanya. Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, ana ƙera tukunyar dumama ruwa da murhun rana a Yamai tun duniya ba ta waiwayo wannan fanni ba. Ya rasu a 1991. In kawu ya ce aikin na ƙoshassu ne, ki fara ambata masa wannan suna.

Ga inda aka kwana. Pano ɗin wutar rana da ake sayarwa a babbar kasuwa na silikon ne, masu kyau cikinsu suna mayar da kashi 20 zuwa 23 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansu zuwa wuta. Silikon yana da iyakar da lissafi ya yanka masa, kashi 29 da ƴan kai, kuma a ɗakin gwaji an riga an haura 27. Dalilin iyakar shi ne kowane sinadari yana da awo ɗaya: ƙwayar hasken da ba ta kai awon ba ta wuce banza, wadda ta fi awon kuma rararta ta koma zafi. Maganin da ake bi yanzu shi ne a ɗora wani falle a saman silikon, na wani dangin sinadarai da ake kira ferobsikayit. Na sama ya ci shuɗi da kore, ya bar wa na ƙasa ja da abin da ke bayan ja. A 2009, lokacin da ƙungiyar Tsutomu Miyasaka ta fara gwada shi a Japan, kashi 3.8 ya bayar. Yau shi kaɗai ya haura 26, haɗe da silikon kuwa kamfanin LONGi na Sin ya haura 34 a 2024. A shekarar ce kuma Oxford PV ya fara sayar da irin wannan pano mai hawa biyu.

A nan nake so ki buɗe ido da kyau. Duk waɗannan alƙaluma an auna su ne a digiri 25, a ɗaki mai tsabta. A watan Afrilu a Maradi inuwa kanta tana haura 40, pano da ke kan rufi kuwa yana iya kai 65 ko 70, ba ya taɓuwa da hannu. Silikon yana rage kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri da ya ƙaru. Ki yi lissafin: digiri 40 sau 0.35, kashi 14 ke nan sun tafi tun ba a zo ga ƙura ba. Shi kuma ferobsikayit babban ciwonsa zafi ne da danshi da tsananin haske, su ke ruguza shi, alhali pano na silikon ana ba shi garantin shekara 25. Ga dalma a cikinsa. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, ba mu da damar yin sakaci da tambayar inda fasasshen pano zai ƙare in ya faɗa hannun yara a bola. Wanda ya ƙera sabon pano a Jamus ko Sin yana buƙatar sanin yadda zai yi bayan bazara uku da hazo uku a wuri irin namu. Tashar Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018, ta Goru Banda mai megawat 30 tun 2023, ga dubban famfunan rana a lambunan Gulbi da Jiratawa. Kowane ɗaya daga cikinsu wurin awo ne.

Amma abin da ya fi kama zuciyata a duk fannin shi ne sanyaya abu da sararin sama, ba wuta ba ruwa. Kin san yadda daren hunturu yake in sama ta yi garau: wanda ya kwana a fili yakan tashi ya tarar da tabarma da bokitin ƙarfe sun fi iskar kanta sanyi, wanda ya kwana ƙarƙashin rumfa kuwa bai ji haka ba. Dalili shi ne kowane abu mai ɗumi yana fitar da hasken da ido ba ya gani, na can bayan ja, kuma iskar duniya tana da wata taga tsakanin maikiron 8 da 13 da wannan haske ke ficewa ta cikinta kai tsaye zuwa sararin samaniya, inda sanyi ya kai digiri 270 ƙasa da sifili. Mutanen Farisa na dā da wannan suke daskarar da ruwa da dare a cikin hamada. Wannan daban yake da sanyin randa, wanda tururin ruwa ne ke tafiya da zafi.

A dā, da rana abin ba ya yiwuwa, domin abin da rana ke zubowa ya ninka abin da ke fita. Sai a 2014 Aaswath Raman da Shanhui Fan a Stanford suka jera siraran falle bakwai a kan azurfa, suka samu abin da ke mayar da kashi 97 na hasken rana, yana kuma fitar da nasa zafin daidai ta tagar nan. Suka ajiye shi kan rufi da tsakar rana, ya sauka digiri 4.9 ƙasa da iskar da ke kewaye da shi. A cikin rana, ba inuwa. Shekara guda bayan haka wasu masu bincike suka gano cewa wata tururuwa mai launin azurfa da ke fita kiwo da tsakar rana a Sahara tana yin irin wannan dabara da gashin jikinta mai kusurwa uku. A 2021 kuma ƙungiyar Xiulin Ruan a jami'ar Purdue ta haɗa fenti da ke mayar da kashi 98.1, alhali farin fenti na kasuwa yana tsayawa tsakanin 80 da 90. Kada ki raina wannan tazara. Rufin da ya mayar da 85 ya sha 15, wanda ya mayar da 98 ya sha 2 kacal.

Ki tuna ɗakin kwano a unguwar Zariya ko Bagalam da ƙarfe uku na rana a watan Mayu, jariri yana kuka, tsohuwa ta jiƙa zane ta yafa, wuta kuma ta ɗauke. Ki tuna rumbun albasa da shagon magani. Shi ya sa nake cewa wannan bincike namu ne. Tururin ruwa yana toshe tagar, saboda haka busasshiyar iskarmu ta rani ta fi ta bakin teku dacewa. Ga kuma inda gizo ke saƙa: ƙurar hazo da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi tana ɗauke da yashi, yashi kuwa yana shan haske ne a wajen maikiron 9 zuwa 10, tsakiyar tagar. Wato hazo yana iya dushe farin rufin daga ƙasa, ya kuma rage tagar daga sama. Nawa yake ragewa? Bayan kwana nawa ya kamata a wanke rufi, da ruwa nawa? Farar ƙasa da kakanninmu ke shafe ɗaki da ita, ina take tsayawa in an gwada ta da fentin kasuwa? Akwai na'urar auna ƙurar sama a Banizumbu kusa da Yamai da ta daɗe tana tattara bayanai, kowa na iya saukar da su kyauta. Abin da ake buƙata shi ne mai auna rufi a ƙasa ya haɗa da su.

Akwai wani misali da ke sa ni baƙin ciki duk lokacin da na koyar da shi. Ƴar na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar oksijin a jini tana aiki da haske biyu, ja mai nanomita 660 da na bayan ja mai 940, tana kwatanta yadda jini ke shan kowane. A Disamba 2020 likitoci a jami'ar Michigan suka nuna cewa cikin majinyatan da na'urar ta ce suna tsakanin 92 da 96, waɗanda a gaskiya jininsu ya faɗi ƙasa da 88 sun kai kashi 11.7 a baƙar fata, 3.6 a farar fata. Baƙin fata yana shan jan haske, kuma yawancin waɗanda aka daidaita na'urar a jikinsu farare ne. Da wannan na'ura ake yanke shawarar wane yaro mai ciwon haƙarƙari za a sa wa oksijin a asibitocinmu. Ana aikin gyara ta yanzu, da ƙarin launuka da sabon lissafi, kuma ba za a gyara ta ba sai an gwada a yatsu irin namu.

Salula kanta ta zama madubin likita. A Kamaru, a aikin da aka wallafa a 2017, an gwada jinin mutum fiye da 16,000 da wata na'ura mai suna LoaScope, salula ce a kan ɗan akwati, tana ɗaukar bidiyon ɗigon jini ta ƙirga tsutsotsin da ke motsi cikin ƴan mintoci. Ana gwada irinta a kan ƙwan tsargiya a fitsari, cutar da muka sani wurin yaran da ke wanka a tabki.

Ga kuma wanda zai fi shiga kunnen ɗan kasuwa. Gyaɗa, ko gujiya kamar yadda muke cewa, ita ta gina arzikin garin nan a dā. In ta sha danshi a rumbu, wata fumfuna tana zuba mata guba mai suna afilatoksin, mai jawo ciwon dajin hanta, kuma ba ta mutuwa da suya, tana bin ƙuli-ƙuli da tunkuza. An gano ta ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 daga cin abincin gyaɗa. Sunayen nau'o'inta ma, B da G, daga launin da suke ƙyalli da shi ne a ƙarƙashin fitilar UV, shuɗi da kore. Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce maikirogiram 4 a kilo. Ƙyalli kaɗai ba hujja ba ne, wasu abubuwan ma suna ƙyalli, shi ya sa ake aiki a kan kyamarori masu raba haske gida ɗari ko fiye, su duba ƙwaya ɗaya-ɗaya a kan bel, iska ta hure gurɓatacciya gefe. Irin wannan ido ne ake koya wa gane jabun magani ta cikin ledarsa da auna ƙarfin ƙasar gona. Amma na'urar ba ta san gyaɗar Dakoro ko ayar Agye ba sai an koya mata da samfurin nan.

Game da abinci kuwa, kada ki yi wa kawu alƙawarin da ba ki da iko a kai. Guraben bincike tsantsa kaɗan ne a ƙasar nan, kuma wanda ya bi hanyar yakan yi shekaru yana haƙuri. Amma wadda ta iya auna haske da zafi, ta iya lantarki, ta iya rubuta lissafi a kwamfuta, tana da wurin zuwa a kamfanonin sadarwa, da masu kafa pano da famfo, da gyaran na'urorin asibiti, da koyarwa. Ki riƙe lissafin Maxwell da na Fourier da hannu biyu, ki koyi Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, ki ƙarfafa Ingilishi a kan Faransancinki domin da shi ake wallafa yawancin aikin. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana shirya makarantar ilimin haske ta ƴan makonni don ɗaliban ƙasashe irin namu, akwai cibiyar leza ta Afirka a Afirka ta Kudu, ga kuma ƙungiyar masana leza ta LAM da Farfesa Ahmadou Wague ya jagoranta daga Dakar. Duk suna tambayar abu guda: me ka taɓa aunawa da hannunka?

In ni ne ke, ga aikin ƙarshen lisans da zan ɗauka. Ki nemi gutsuren kwano huɗu masu girma ɗaya wurin maƙera. Ɗaya ki bar shi yadda yake, ɗaya farin fentin kasuwa, ɗaya farar ƙasa, na huɗu farin fenti amma shi za ki riƙa wanke shi duk Juma'a. Ki ɗora kowane a kan akwatin soso don kada zafin ƙasa ya shigo, ki manna ma'aunin zafi a ƙarƙashinsa, na biyar kuma ki rataye a inuwa don iska. Ƴar kwamfutar Arduino da katin ajiya sun isa su rubuta awo duk minti goma, dare da rana. Kowace safiya ki ɗauki hoton kwanukan kusa da farar takarda sabuwa, ki rubuta ko hasumiyar masallacin da ke nesa tana ganuwa ko hazo ya rufe ta. Ki fara a watan Oktoba, sama tana wanke bayan damina, domin ki samu awon kwanaki masu tsabta kafin ƙurar farko ta iso, sannan ki ci gaba har ruwan farko ya sauka. Kwanukan kuma ki roƙi kawu ya bar ki ki kafa su a kan rufin shagonsa.